TASSA: TARIHIN RAMIN DA YA RAYA FAƘO A ƘASAR ADAR

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san faƙo. Shi ne filin nan na bayan gari ko na kan tudu wanda ƙasarsa ta daskare ta yi tauri kamar daɓe, ko ciyawa ba ta tsira a kansa, sai dai yara su mai da shi wurin langa da ƙwallo. In an yi ruwan sama, komai yawansa, ba ya shiga cikin faƙo. Gangarewa yake yi a guje, ya kwashi 'yar ƙasar da ta rage, ya je ya yanka kwazazzabo a gonar wani bawan Allah da ke can ƙasa. Kashegari kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi, wurin ya bushe ƙayau kamar ba a taɓa yin ruwa ba. Manomi kan dubi irin wannan fili ya ce ya mutu, kuma a zamanin da, in ƙasa ta mutu ba a wahalar da kai a kanta, barin ta ake yi a nemi wani dajin a sare.

Abin da nake so in kawo wa mai karatu a wannan fitowa shi ne tarihin wata dabara ta tare ruwan sama a kan faƙo har ya koma gona. Sunanta tassa. Rami ne kawai mai siffar tasa, wanda ake haƙawa da diga ko hauya, amma a kansa aka raya dubban hektoci na ƙasar da aka riga aka fid da rai a kanta. Na zaɓi ƙasar Adar ta Jamhuriyar Nijar ne domin a can aka fi rubuta abin da ya faru da shekara da adadi, ga shi kuma mutanen wurin yawancinsu Hausawa ne, ƙasarsu da daminarsu ba su da wani bambanci mai yawa da na arewacin Sakkwato. Sai dai tun da wuri in yi wani gyara don kada a ruɗe. Illela biyu ce. Akwai ta Jihar Sakkwato da ke bakin iyaka daura da Birnin Konni, akwai kuma ta Jihar Tawa, mazaunin Sarkin Adar. Duk inda na ce Illela a nan, ta biyun nake nufi.

ƘASAR ADAR DA RUWANTA

Adar ƙasa ce ta tudu mai marmara da tsakuwa, wadda manyan kwaruruka suka ratsa, kamar kwarin Majiya da na Keita da na Badagishiri. Daminarta gajera ce, daga watan Yuni zuwa Satumba, ruwan da kan sauka a shekara kuwa yawanci tsakanin milimita 300 zuwa 500 ne. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai ba ruwa ke nan. To amma bari mu yi ɗan lissafi. Milimita ɗaya na ruwan sama in ya sauka a kan hekta ɗaya, lita 10,000 ne. Ashe ke nan a shekarar da aka sami milimita 400, kowace hekta ta karɓi lita miliyan 4, wato duro 20,000 irin mai cin lita 200. Wannan ya ishi gero har ya yi saura. Matsalar ita ce ruwan ba ya zama inda ya sauka. A kan faƙo yawancinsa wucewa yake yi cikin sa'a ɗaya ko biyu, ya bar tudu da ƙishirwa, ya je ya yi ɓarna a kwari.

Mutanen Adar na da sun san da haka, kuma ba su zauna sun zuba ido ba. Suna jera duwatsu a gicciye a gonakin da ke gangare don rage gudun ruwa. Suna tare 'yan ƙananan ƙoramu da kara da itace da ƙasa su karkatar da ruwan cikin gona. Suna kuma sassara 'yan ramuka a wurin da ƙasa ta yi tauri su jefa iri a ciki, su ne tassar asali. Irin wannan hikima ba a Adar kaɗai take ba. A ƙasar Barno, masu noman masakwa kan ɗaga 'yan shingayen ƙasa a kan laka don ruwan damina ya kwanta ya jiƙa ta sosai, sa'an nan su dasa dawarsu bayan ruwa ya ɗauke, ta nuna da laimar da ƙasa ta riƙe. Mutanen duwatsun Gwoza da Sukur kuwa hawa-hawa suka gina jikin dutse da shi, kowane hawa na riƙe ƙasarsa da ruwansa.

Akwai wata magana da muka saba yi, mu marubuta musamman, cewa wai kakanninmu sun san komai, zamani ne ya zo ya ɓata. Tarihin tassa bai goyi bayan wannan magana gaba ɗaya ba. Tassar da, 'yar ƙarama ce, sara ɗaya ko biyu na hauya, ba a sa mata taki, ba a kula da inda aka zubar da ƙasar da aka tono. Kuma dabara ce ta gefe, wadda ake yi a ɗan lungun gona. Dalili kuwa a fili yake: ƙasa tana da yawa, mutane kaɗan ne. In gona ta gaji sai a bar ta saura ta huta shekaru, a koma wani wuri. Wa zai tsaya fasa faƙo da tsakar rani alhali ga daji can yana jira? Daɗin daɗawa, shekarun 1950 shekaru ne na wadatar ruwa a duk yankin Sahel, har noma ya yi ta matsawa arewa cikin ƙasar kiwo. A wannan lokaci tassa ta kusa fita daga hannun mutane ɗungum.

Abubuwa biyu suka taru suka canza lissafin. Na farko yawan jama'a. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5.1 a Nijar, ta 2012 kuwa ta sami miliyan 17.1. Dajin sarewa ya ƙare, hutun gona ya gajarta har ya ɓace, itatuwa suka tafi a murhu, ƙasar da ta rasa inuwa da ganye sai ruwa da iska suka ɗauke samanta, faƙo ya yi ta faɗi. Na biyu fari. Ba yau aka fara yunwa a ƙasar Hausa ba, tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1913 zuwa 1914. Amma farin da ya kama daga 1968 zuwa 1974 ya daɗe, ya ƙarar da dabbobi, har yana cikin dalilan da Laftanar Kanar Seyni Kunce ya bayar lokacin da ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilu na 1974. Ba a gama farfaɗowa ba sai ga na 1984, wanda ya zo daidai da rufe iyakokin Nijeriya a watan Afrilu na wannan shekara, zamanin mulkin Janar Muhammadu Buhari. Hatsin da aka saba shigo da shi daga kudu ya yanke, shi ya sa mutanen Nijar suka raɗa wa wannan yunwa suna El-Buhari. Mutanen Adar dama sun shahara da cin rani, amma a waɗannan shekaru akwai ƙauyukan da kusan duk wani namiji mai ƙarfi ya fice, aka bar mata da yara da tsofaffi.

A 1984 ɗin ne aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi, a shekarar kuma aka buɗe shirin Keita da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Shirin Keita ya yi aiki mai yawa: ya gina madatsu, ya dasa miliyoyin itatuwa, ya gyara tuddai da manyan injuna, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun a ka mata ne, ana biyan su da abinci. Ba zan raina wannan aiki ba. Amma aiki ne da sai mai katafila da jirgin hatsi zai iya yin sa. Abin da talaka zai iya yi da hannunsa a gonarsa, daga wata ƙasa ya dawo wa Adar.

ABIN DA YA FARU A YATENGA

Yatenga yanki ne na ƙabilar Mosi a arewacin Burkina Faso, babban garinsa Wahiguya. Ƙasarsa da ruwansa sun yi kama da na Adar, faƙonsa ma ya fi yawa. Su ma suna da nasu tsohon ramin shuka, suna kiran sa zai. Kuma su ne suka fara ɗanɗana irin taimakon da ake yi wa manomi ba tare da an tambaye shi ba. Daga 1962 zuwa 1965, lokacin ƙasar tana amsa sunan Haute-Volta, wata ƙungiyar Turawa mai suna GERES ta shigo da katafiloli ta ɗaga dogayen shingayen ƙasa a kan fili kimanin hekta 120,000. Injiniyoyin sun tsara aikin ne don su kore ruwa daga gonaki saboda kada ya zaizaye su, alhali shi manomi ruwan yake nema ido rufe. Shingayen sun ratsa hanyoyi da iyakokin gonaki, ba wanda ya ɗauke su nasa balle ya gyara inda suka tsage. Cikin 'yan shekaru suka farfashe, inda suka fashe kuwa ruwa ya taru wuri ɗaya ya yi ɓarnar da ta fi ta da.

Bayan farin shekarun 1970 sai manoman Yatenga da kansu suka shiga gwaje-gwaje. Wanda sunansa ya fi fita a cikinsu shi ne Yakuba Sawadogo, mutumin ƙauyen Gurga kusa da Wahiguya. An haife shi wajen 1946, ya yi almajiranci a ƙasar Mali, ya yi kasuwanci a Wahiguya, sa'an nan wajen 1980, lokacin da kowa ke gudu daga ƙauye, shi sai ya koma. Ya ɗauki zai na kakanninsa ya yi masa gyara uku. Ya faɗaɗa ramin ya zurfafa shi. Ya riƙa haƙa shi tun da rani, watanni kafin ruwan fari. Ya kuma riƙa zuba taki a ciki. Mutane suka ce ya haukace, har an taɓa cinna wa dajin da ya raya wuta. Amma gero ba ya ƙarya, da aka ga rumbunsa sai masu dariya suka fara zuwa tambaya. Daga 1984 ya riƙa shirya wata irin kasuwa sau biyu a shekara, inda manoma daga ƙauyuka masu yawa ke haɗuwa su yi musayar iri da dabaru.

A daidai wannan lokaci wani shirin ƙungiyar Oxfam da aka fara a 1979, wanda Mathieu Ouédraogo ya daɗe yana jagoranta, ya gyara tsohuwar al'adar jera duwatsu. Matsalar jeren da shi ne ana yin sa da ido, ruwa sai ya bi ta inda ya fi gangare ya ɓalle. Sai aka koya wa manoma awo da tiyo: dogon tiyo mai haske cike da ruwa, an ɗaure bakinsa biyu a jikin sanduna biyu masu zane. Duk inda ruwan ya tsaya a zane ɗaya a sandunan biyu, to wuraren nan biyu tsayinsu ɗaya. Wanda bai taɓa shiga aji ba yana koyon wannan a yini ɗaya ko biyu. Da aka haɗa jeren duwatsu da zai, masana sun ƙiyasta cewa an raya tsakanin hekta 200,000 zuwa 300,000 a tsakiya da arewacin Burkina Faso cikin shekaru kamar talatin.

TAFIYAR MUTUM GOMA SHA UKU

A 1988 asusun raya noma na duniya, wato IFAD, ya buɗe wani shiri na kare ƙasa da ruwa a gundumar Illela. Tassa ba ta cikin tsarin shirin na farko. Abin da ya shigo da ita shi ne wata ziyara da aka shirya a 1989, inda aka ɗauki manoma 13 daga Illela aka kai su Yatenga su gani da idonsu. Gani ya kori ji. Abin da suka tarar bai zame musu baƙo ba, tassarsu ce ta gida wadda wasu suka ɗauka da muhimmanci suka gyara. Da suka dawo, wasu daga cikinsu suka gwada a kan fili kimanin hekta 4. Shekara ta gaba aka haƙa hekta 70. Sai Allah ya sa daminar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, gonaki da yawa suka ƙone, amma waɗanda aka yi wa tassa suka ba da abin kai wa rumbu. Wannan ya fi kowace irin lacca ta malamin gona. Kafin shirin ya cika shekara bakwai an raya dubban hektoci, kuma dabarar ta tsallaka ƙauyukan da ma'aikatan shirin ba su taɓa takawa ba.

Ya kamata a nan in tsaya in bayyana yadda ramin ke aiki, domin a cikin ƙananan abubuwan ne hikimar take. Faɗin tassa santimita 20 zuwa 30 ne, zurfinta kuwa kamar taƙi ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, tsakanin rami da rami misalin taku ɗaya. Hekta ɗaya kan ɗauki rami 10,000 ko fiye. Ba a jera su layi bisa layi ba, ana saɓa su ne, yadda ruwan da ya wuce tsakanin rami biyu zai faɗa cikin na uku da ke ƙasa da su. Ƙasar da aka tono ba a watsar da ita, ana tara ta a gefen gangare ta zama ɗan shinge, a bar gefen tudu a buɗe don ruwa ya shigo. Nan ne faƙon da ke tsakanin ramukan ya zama abin amfani, domin taurin da ya hana shi shan ruwa shi ne ke tura ruwan cikin rami, kamar yadda rufin kwano ke tura ruwa cikin randa.

Haƙawa da rani ma yana da dalilinsa. Kafin damina ta faɗi, iska ta share ganye da ƙura da ɓurɓushin kara ta zuba a ramin. Sai manomi ya kawo taki cikin mangala ko amalanke ya zuba tafi ɗaya ko biyu a kowane rami. Ƙanshin takin ke kiran gara. Ita gara da muka sani da cin azara da littattafai, a nan ita ce babbar ma'aikaciya: tana haƙo hanyoyi daga ƙarƙashin ƙasa zuwa ramin, tana narkar da takin, hanyoyin nata kuma su zama magudanar da ruwa da saiwa za su bi su nutsa. In ruwa ya sauka sosai sai a shuka gero ko dawa a ciki. Tsiron yana cikin rami, saboda haka iskar farkon damina mai yashi, wadda kan ƙone shuka ko ta binne ta, ba ta samun sa. In ruwa ya yi fashin kwana goma ko sati biyu, laimar da ke gindinsa ta riƙe shi. Har ila yau, a cikin kashin awaki da shanu akwai 'ya'yan gawo da bagaruwa da aduwa da magarya, su ma sai su tsiro, manomi mai hankali ya bar wasu su girma. A wuraren da suka fi faɗi akan yi babbar 'yar uwar tassa da ake kira rabin wata, mai faɗin mita 4, kimanin guda 300 a hekta.

Ma'aikatan shirin Illela sun auna amfanin gona shekara shida, daga 1991 zuwa 1996. Gonar da ba a yi wa komai ba ta ba da kilo 125 a hekta bisa matsakaici. Wadda aka yi wa tassa da takin gargajiya ta ba da kilo 513, in an ƙara takin zamani kuwa kilo 765. Kada mu zuzuta abin fiye da kima: buhu biyar a hekta ba arziki ba ne, manomin Funtuwa ko Saminaka zai yi dariya. Amma buhu biyar ɗin daga ƙasar da a da ko dami ɗaya ba ta bayarwa suka fito, kuma sun fi zuwa a shekarar da sauran gonaki suka gaza. Ga magidancin da ke lissafin ko hatsinsa zai kai shi watan shuka, wannan shi ne bambancin zama a gida da barin gida.

Abubuwa biyu suka biyo baya waɗanda ba a zata ba. Faƙon da a da ko kyauta ba a so sai ya sami kasuwa, aka fara saye da sayarwa, kuɗinsa na ta hawa. Samari kuma suka sami sana'a, suka zama 'yan ƙwadagon haƙar tassa suna bin ƙauyuka, su ne ma suka fi yaɗa dabarar. Sai kuma labarin ƙauyen Batodi na gundumar Illela. A farkon shekarun 1990 rijiyoyin ƙauyen kan ƙafe da rani, mata na doguwar tafiya neman ruwa. Bayan an cika tuddan da ke kewaye da tassa da rabin wata, ruwan rijiya da ake samu a zurfin mita 18 a 1994 ya hauro zuwa mita 4 a 2004, har mata suka kafa lambuna. Ruwan da a da ke gudu a sama, yanzu ƙasa yake shiga.

KO ZA TA ƊORE?

A ganina tassa ba za ta mutu don ta tsufa ba, ba kuma za ta rayu don ta gargajiya ce ba. Rayuwarta na rataye ne a kan hannu da taki da mallakar ƙasa, kuma dukkansu ukun suna cikin matsi a yau.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Haƙa hekta ɗaya na cin sa'a 300 ko fiye na aikin mutum ɗaya, a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, rumbu kuma ya fara nuna gindi. Lokacin ne kuma samarin Adar ba sa gida. Da can Kano da Legas da Abijan ne, daga baya Libiya da Aljeriya, daga 2014 kuma ga zinariyar Jado a arewa. Mai kuɗi na ɗaukar 'yan ƙwadago, wani lokaci ma da kuɗin da ɗansa ya aiko daga cin ranin. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya haƙa wa wani don ya ci yau, tasa gonar ta jira. Kuma ramin ba na har abada ba ne, yana cikewa, sai an sake tono shi an sake sa taki bayan shekara biyu ko uku.

Takin ma sai mai dabba. In kowane rami ya ci giram 250, hekta mai rami 10,000 na bukatar tan biyu da rabi, ga kuma ɗaukarsa zuwa tudu. Tassar da ba taki kuwa rabin aiki ce, gara ba za ta zo ba, kuma 'yan shekaru kaɗan geron zai tsotse ɗan abin da ke ƙasan ya bar ta fiye da yadda ya same ta. A da akwai tsohuwar yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi: bayan kaka Bafillace ko Buzu ya sauka da garkensa a gona, dabbobi su ci kara su bar taki, manomi ya ba shi hatsi. Yau kara ya zama kayan sayarwa, ana kwashe shi tun kafin ya bushe, zumuncin kuma ya yi tsami a wurare da yawa.

Maganar ƙasa ita ce ta fi ɗaci, kuma ba a cika faɗar ta a takardun yabo ba. Faƙon da ake cewa ba na kowa ba ne, sau da yawa makiyaya ce ko burtali. Duk hektar da aka mayar gona, wani ya rasa inda zai bi da dabbobinsa. Kasuwar faƙo da ta buɗe a Illela kuwa, masu saye yawanci 'yan kasuwa ne da masu hali, masu sayarwa kuma waɗanda yunwa ta matsa. Wanda ya karɓi aron fili, ko mace da aka yanka wa ɗan gefe, in ya raya shi ya yi kyau, mai asali na iya tunawa da cewa nasa ne. Nijar ta kafa dokar tsarin karkara a 1993 don warware irin wannan, amma takarda daban, abin da ke faruwa a gaban mai gari daban. Shi kansa Yakuba Sawadogo bai tsira ba. Dajin da ya raya a kan faƙo, mai kusan hekta 40 da irin itatuwa fiye da 60, garin Wahiguya ya faɗaɗo ya cim masa, aka fara yanka filaye ana gini a gefensa domin ba shi da takardar mallaka. Sai da ya karɓi lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin a 2018 da wata ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2020, sa'an nan aka kewaye dajin da shinge a 2021. Ya rasu a watan Disamba na 2023.

Ruwan sama ma ya canza hali. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa manyan guguwowin ruwa a Sahel sun ninka sau uku daga 1982. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, ta rushe tsohon masallacin Damagaram, a Maiduguri kuma madatsar Alau ta ɓalle. Wannan yana ƙara wa tassa daraja ta wani gefe, domin ruwan da ya nutse a tudu ba zai je ya ci gari ba. Ta wani gefen kuma, a shekarar ruwa mai yawa ramin kan cika ya kwana da ruwa, geron ya ruɓe. Dama can tassa ba ta kowace ƙasa ba ce: a jigawa yashi ke rufe ta, a laka kuma ruwa ke kwanciya. Wanda ya ɗauke ta maganin kowace cuta zai kunyata ta.

Yanzu rabin wata ya zama abin ado a rahotannin manyan ƙungiyoyi da na shirin babbar ganuwar itatuwa da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 2007. Ana biyan jama'a kuɗi ko abinci su haƙa dubbai a filin gari, akwai ma garmar tarakta mai suna Delfino da ke yanka su cikin sauri. Hotonsu daga sama yana da kyau ƙwarai, kuma inda aka tsara wanda zai kula da wurin da wanda zai ci amfaninsa, aikin na tsayawa. Inda ba a tsara ba, da zarar biya ya tsaya sai ramukan su cike, kamar yadda shingayen GERES suka farfashe. Tassar Illela ta tsaya ne saboda mutum a gonarsa ya haƙa ta, ya san geron da zai fito nasa ne.

Hanyar da manoman nan 13 suka bi zuwa Yatenga a 1989 ta zama mai haɗari tun daga wajen 2019, rikicin 'yan bindiga ya kori manoma da yawa na can daga gonakin da suka raya. Amma ga mu nan Nijeriya abin ya fi sauƙi. A watan Disamba na 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Faƙo kuwa ga shi nan a Gada da Tangaza da Jibiya da Maigatari. Daga Illelar Sakkwato zuwa Illelar Adar tafiyar ba ta kai sa'a uku a mota ba, harshe ɗaya ne ba a bukatar tafinta, kuma wanda ke son ya ga aikin ana yin sa sai ya je tsakanin Maris da Mayu.